Ranar da Muka Kai Turmi Kudancin Maryland

Ƙarar ɗan turmina na dakan yaji ce ta jawo wannan tafiya. Ina daka citta da kanumfari a gidanmu na hawa na biyu a Germantown, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce shi ke nan, maƙwabta sun gaji da ni. Ina buɗewa na ga dattijuwar da ke ƙasanmu, Misis Loretta, idonta ya cika da hawaye. Ta ce rabonta da jin wannan sauti tun rasuwar kakarta.

Ranar na san cewa tana cikin 'yan asalin ƙasar nan, waɗanda Turawa suka tarar, kuma ita ce shugabar wata ƙungiyar taimako mai kula da lafiyar mutanensu. Ciwon sukari ya addabi tsofaffinsu. Babban cikinsu, Baba Raymond, wanda ya kafa ƙungiyar da kansa, ya yi fushi da abincin da likitoci suka tsara, ya ce abincin zomo ne. Ya daina ci a cibiyar ƙungiyar, ya daina gwajin jini, sauran tsofaffin suka bi shi. Ƙafarsa har ta fara kumburi. Loretta tana so a dafa masara irin ta dā, wadda aka surfa a turmi, ko zai sauko. Amma ita kafaɗarta ta mutu, 'yan matansu kuwa ba su taɓa riƙe taɓarya ba. Na nemi izinin maigida, ya ce in je, lada ne.

Germantown zuwa Beltsville

Bayan sallar asuba muka fita, ni da Loretta da 'yata Hafsat mai shekara takwas. Malam Isufu, abokin maigida ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi, shi ya ɗauke mu. Tun gari bai waye ba hanyar 270 ta cika, fitilun motoci jajaye har iyakar gani.

"Madam, a yi haƙuri hwa," in ji Malam Isufu. "Wanga hanya ko ranar tashin ƙiyama sai an yi go-sulo a kanta."

Na ce masa ya yi istigfari. Ya yi, yana dariya.

A Beltsville muka tsaya gidan Hajiya Rabi mai sayar da kayan miya, don ita kaɗai na sani mai babban turmi da taɓarya biyu. Ta ba mu kunun gyaɗa a fulas, ta raka mu har bakin mota tana cewa, "Maman Hafsat, turmin nan daga Katsina ya hau jirgin ruwa. In ya tsage, kada ki dawo ta nan." Malam Isufu ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel.

Hanyar kudu

Da muka bar babban titin da ya zagaye Washington sai gine-gine suka ragu, gonaki da dazuka suka buɗe. Loretta tana nuna mana rafuka tana faɗin sunayensu da harshen kakanninta. Da hantsi muka isa. Cibiyar tsohon gida ne na katako, da ɗakin awo, da kicin, da 'yar gona a baya.

A cibiyar

Mataimakin Loretta, Mista Dennis, ya tarbe mu. Tsohon direban motar asibiti ne, shi ke bi gida-gida yana kwaso tsofaffi. Sai Nas Karen mai gwajin jini, wadda ta raɗa mini cewa sun sayi sabuwar tukunya saboda ni, naman alade bai taɓa shiga cikinta ba. Wallahi sai da zuciyata ta karye.

Sun riga sun tafasa masarar da toka, yadda mu ma muke sa ruwan toka a girki. Na ɗaura gyale a ƙugu na ce bismillah. Karen ta karɓi ɗaya taɓaryar, na koya mata sa ɗaya, ɗaga ɗaya. Da hannu ya faɗa sai na yi luguden da na rabu da shi tun ina budurwa a Zariya, na cilla taɓarya na tafa. Tsofaffin mata suka ɗauki guɗa irin tasu. Baba Raymond, da ya ƙi fitowa daga motar Dennis, ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya a kanmu.

Na yi azahar a ofishin Loretta. Ina fitowa aka zuba masara da wake da kifin rafi, aka ajiye kwanon farko a gabana. Ga dattawa maza sun kewaye tebur. Ni da ko gaban surukina ban taɓa shan ruwa ba! Na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi, ina jiran a matsa mini kamar yadda ake yi a gida. Ashe su in mutum ya ce a'a, girmama shi shi ne a bar shi. Aka ɗauke kwanon.

Aka kai wa Baba Raymond nasa, ya ture shi. Kowa ya ajiye cokali. Fuskar Loretta ta sauya, ta matso ta ce mini a hankali, "'Yar'uwa, shi ba ya ci sai baƙo ya ci. Yana ganin kin raina abincinmu ne."

Na ce a raina, Ya Allah, kunyata za ta sa bawanka ya rasa ƙafa? Na miƙe na ɗauko kwanon da kaina, na zauna daf da shi.

"Baba, a garinmu mace ba ta ci gaban manya. Amma yau zan ci."

Ya dube ni ya ce, "To ci mana, yarinya. Yunwa nake ji tun ɗazu."

Ɗakin ya kece da dariya. Ya ci, ya nemi ƙari. Kafin mu tashi ya miƙa wa Karen yatsa ta soka masa allura, tsofaffin suka yi layi a bayansa. Dennis ya fita waje yana share ido, wai hayaƙi ne.

Komawa gida

Mun mayar wa Hajiya Rabi turminta lafiya lau, da alƙawarin za mu sake aro a wata mai zuwa. Magariba ta same mu a ƙofar gida. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Ya saka wa waɗannan shugabanni uku, Loretta da Dennis da Karen, da alheri. Ina cire takalmi Hafsat ta ja gyalena, ita da kullum da Turanci take amsa mini, ta ce da Hausa:

"Umma, kwano biyu kika cinye a gaban maza. Sai na gaya wa Abba."