Shinkafar da Baba ya ƙi ci

Watan nan maigidana, Baban Lawali, ya cika shekara ashirin da ɗaya a ƙasa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yau a jarida ba. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Jikokina ne suka tono mini shi. Kullum bayan la'asar sai su zagaye talabijin suna kallon wasannin soyayyar nan masu dogon zango, ni kuwa ina gefe ina gyaran wake, ina yi kamar ban damu ba, alhali kunnena na can. Rannan sai aka nuna wani saurayi ya kai wa uban budurwarsa kyautar mota. Dattijon ya jefa masa makullin a ƙirji, ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa. Yaran suna ta salati, wai tsohon ba shi da mutunci. Ni kuwa hassada ce ta kama ni. Da a gidanmu an taɓa yin irin wannan rashin mutuncin ko sau ɗaya, da wataƙila yau ba na wannan rubutu.

Ni 'yar Bakura ce, shi ɗan Maradun, muka zauna a Talata Mafara. Aurenmu bai fi shekara biyu ba aka fara aikin madatsar Bakalori, ya samu tuƙin katafila a kamfanin da ke baje filayen noman rani. Muka yi murna, har da rabon waina. Wata safiya aka tura su gefen Bakura, layin da aka shata masa ya bi ta tsakiyar gonar mahaifina. Dawa ta fara kai, ga ɗorawa guda biyu da Baba ya gada. Baba yana tsaye a bakin gona. Ya ga wanda ke saman katafilar, maigidana ma ya gan shi. Katafilar ba ta tsaya ba, ta tuge dawar da ɗorawar duka.

Ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Wanda bai san surukutar wancan lokaci ba zai yi mamaki. Mutumin da ba ya iya shan ruwa a gaban surukinsa, wanda ke tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa kai a ƙasa, da wane bakin zai ce a yafe masa? Baba kuma girma ya hana shi buɗe baki ya ce wa mijin 'yarsa ya ɓata masa rai.

Da aka raba filaye, maigidana ya samu nasa ya shuka shinkafa. Buhun farko da aka casa, ya ɗora a mota ya aika Bakura, gaisuwar suruki. Baba ya karɓa, ya sa albarka, ya ba direba tukwici. Ranar Juma'a ya sa aka kai buhun ƙofar masallaci aka rabar, ko tsaba ɗaya ba ta shiga tukunyar Inna ba. Da shekara ta zagayo, haka. Wadda ta biyo, haka. Shekara goma sha tara ana wannan aike, gari kaf ya sani.

Ni ce a tsakiya, gaba kura baya sayaki. Sau ɗaya na ce wa maigidana ya bari haka nan, ko ya sauya ya aika turmin yadi.

"Hajo, abinci na tuge mishi," ya ce. "Abinci zan mayar mishi. Ran da ya ci, na san ya yahe."

Daga nan ban sake ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to mu namu cikin ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Na ji haushin Baba, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin mijina ma, da bai kashe injin nan ya sauko ba, ko da za a kore shi. Ina son su duka biyun, ban kuma iya gaya wa ko ɗaya ba.

Da maigidana zai ga samarin wasannin yau, masu miƙa kyauta ana ɗaukar hoto, na san dariya zai yi, ya ce kyautar da ake shela ai talla ce. Amma ina zaton wurin makullin nan zai yi shiru. Ya yi shekaru yana jiran a jefa masa wani abu.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, shinkafa tana masussuka ba a gama casa ba. Baba ya zo daga Bakura da sandarsa, ya zauna zaman makoki. Ranar uku, da mutane suka ragu, ya sa aka kira ni zaure.

"Ɗiyata, shinkafar yaron ga ta bana, an kawo gida?"

Na ce an fara kawowa.

"Tahi ki dahwa min."

Na dafa fara, da mai da yaji. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya kai loma uku, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ashe haka taka da daɗi." Sai ya ture kwanon ya rufe fuska da hannun riga.

Baba ya bi shi bayan shekara biyu. Katafilar ta daɗe da zama ƙarfen gwangwan, magudanun ruwan ma da yawa sun cushe. Idan na auna abin da ya rage na maigidana, ba gidan da ya bari nake gani ba. Ina ganin mutumin da ya yi kuskuren wuni ɗaya, ya yi shekara goma sha tara yana ba da haƙuri da hanyar da ya iya, bai gaji ba, bai kuma taɓa zagin wanda ya ƙi karɓa ba. An yafe masa. Da idona na gani. Shi ne dai bai gani ba, kwana uku kacal ya rage masa.