Ban Yarda da Yarinyar da Aka Cire wa Tsoro Ba

Tun ranar da wasu samari biyu suka ɗora min wuƙa a wuya cikin adaidaita sahu suka ƙwace wayata, ban sake zuwa aiki ba. Ko murfin tukunya ya faɗi sai na zabura. Umma ta ce zuwa aiki Sabon Gari ya ƙare. Chioma, wadda muke tsaron kemis tare, ta zo dubiya da wani littafin Turanci na matasa. "Karanta, zai ba ki ƙarfin zuciya," in ji ta. "Oga fa ya ce in ba ki dawo Litinin ba, wata zai ɗauka."

Labarin wata yarinya ce a birnin da ke shawagi tsakanin taurari. Aka kwantar da ita cikin na'ura aka zare mata tsoro kamar ƙaya, daga nan ta tuƙa jirgi, ta yaƙi dodannin ƙarfe, ko gezau. Gaskiya birnin ya burge ni, musamman yadda suke noman alkama cikin gilashi. Amma ita yarinyar haushi ta ba ni. Mene ne abin yabo ga wadda ba ta jin komai? Ai katako ma ba ya tsoro. Ina jin marubucin ba a taɓa sa masa ƙarfe mai sanyi a maƙogwaro ba.

Ina rufe littafin Iya ta faɗo min a rai. Kakata ce ta wajen uba, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Bayan magariba, in ta sauke kasko, mukan kewaye garwashin ta rarraba mana guntattakin da suka ƙone, zanenta na ƙamshin mai da albasa. "Ku matso, 'ya'yan nan masu kunnen ƙashi, ga wata tatsuniya nan tafe." Mu ce ta iso.

Ta taɓa ba mu labarin garin da wuta ta mutu a cikinsa kaf, babu sauran garwashi sai wajen wata tsohuwar aljana a kan dutse. Mazaje suka dinga hawa. Kowa ya isa ta tambaye shi, "Kana tsorona?" Ya daki ƙirji ya ce a'a. Ta ce, "To ba ka gan ni da kyau ba," ta matso da fuskarta, ya sandare nan take. Sai Ladi, wadda ko kyankyaso ya gifta sai ta yi ihu, ta ɗauki kasko ta hau, don ƙannenta sun kwana da yunwa. Iya takan kaɗa gwiwoyinta tana kwaikwayonta har mu kife da dariya.

Aljana ta ce, "Kina tsorona?"

"Wallahi kamar in yi fitsari, Inna. Amma ki ba ni wutar."

Aljana ta tuntsire da dariya, ta cika mata kasko.

Na ce, "Iya, daga nan ta daina tsoro?"

"Ina! Har ta tsufa kyankyaso na kora ta daga ɗaki. Ke ina ruwanki da tsoronta? Wuta aka aike ta."

A lokacin na raina Ladi, na so a ce takobi ta zare. Sai yanzu, da Iya ba ta duniya, na gane labarin kanta take ba mu. A shekarun da gari ya rikice, ake ce wa ire-irenta su koma inda suka fito, kullum sai ta fita ta hura wutarta a bakin titi. Ban taɓa tambayarta ko tana jin tsoro ba. Yau na san amsar.

Da safiyar Litinin na sa hijabi, yatsuna suka kasa kama zif ɗin jaka. Umma ta tsaya a bakin ƙofa.

"Rukayya, dubi hannunki fa."

"Na gani, Umma."

"In suka sake tare ki?"

"In yi ihu, in yi kuka, gobe in sake fita. Waya suka ƙwace, ba zan haɗa musu da titin ba."

Sai ta kama kaina ta tofa min addu'a, ta matsa gefe.