Saniyar 'Yar Fari

Duk lokacin da aka tara mu masu shugabantar cibiyoyin shirya ɗalibai shiga jami'a, akwai wata al'ada da ba na so amma na saba da ita. Kowa zai tashi ya faɗi aikin da ya yi kafin ya shigo wannan harka. Wani ya ce shi tsohon malamin jami'a ne, wata ta ce ofishin jakadanci ta baro, wani kuma banki. Idan layi ya zo kaina sai in gyara hula in ce ni allurar shanu na yi. Sai a bushe da dariya, a ɗauka barkwanci ne, ni kuwa iyakar gaskiyata ke nan.

A Safana aka haife ni, kuma aikina na farko malamin dabbobi ne. Da wani tsohon babur nake zagayawa, akwatin magani ɗaure a baya, daga Tsaskiya har rugagen da ke gindin duwatsun Ruma, lokacin da mutum zai ratsa dajin nan ba abin da yake tsoro sai ƙaya. Daga baya Allah ya ba ni tallafin ƙaro karatu a ƙasar waje. Da na dawo sai wata jami'a ta ɗauke ni a ofishin da ke tura ɗalibai ƙetare, a nan na tsufa. Da na yi ritaya na dawo gida, na kama ɗakuna a Batsari, muka zuba tsofaffin kwamfutoci da sola, muna koya wa yara yadda ake cin jarrabawar shiga jami'a, masu ƙoƙari sosai kuma mu nema musu tallafin karatu a waje. Kullum da safe in hau a-kori-kura daga Safana in tafi, da yamma in dawo. Ina jin daɗin wannan aiki fiye da duk wanda na taɓa yi, ba na ɓoyewa.

Abu na farko da allurar shanu ta koya mini shi ne kada in tambayi makiyayi, “Shanun nan naka ne?” Ko shi kaɗai ne a dajin, ko shanun na binsa kamar 'ya'ya, cewa zai yi, “Na mutane ne, kiwo aka ba ni.” Ba ƙarya yake yi ba a wurinsa, nuna abin da kake so a fili ne yake gani rashin kunya. Sai na koyi tsayawa in yi shiru in sa allura. Wanda ya runtse ido lokacin da allurar ta shiga wuyan saniya, shi ne mai ita.

Cikin yaran da suka zo cibiyarmu akwai wata yarinya Bafulatana, siririya, mai shiru kamar ba ta cikin aji, amma in aka ba da lissafi ita ke fara ajiye biro. Iyayenta mutanen wajen Ruma ne. Na san mahaifinta tun yana saurayi yana riƙe mini ƙahon shanun babansa. Bayan 'yan bindiga sun kore musu garke ne suka dawo gefen garin Batsari da ɗan abin da ya rage. Na taɓa tsokanarta na ce ta karanta likitancin dabbobi ta gaje ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, na ƙoshi da shanu. Lantarki nake so.” Na ce to, 'yar Fillo ta yi wa nagge tawaye.

Wata gidauniya ta ƙasar waje ta zaɓe ta. Ta ci jarrabawarsu, ta ci ganawar da suka yi da ita, kuɗin makaranta da masauki da jirgi duk sun ɗauka. Abu ɗaya ya rage. Dokarsu ce sai shugabar shirin ta ga mahaifi ido da ido ta kiran bidiyo, ta ji daga bakinsa cewa 'yarsa ce kuma ya yarda ta tafi. Tafinta ma nasu suke kawowa, ni an ce in zauna gefe kada in sa baki, don kada a ce na sa wa mutum magana.

Ranar kiran suka zo ofishina su uku, yarinyar da mahaifinta da yayan mahaifin, wani dattijo mai farin gemu wanda ba a yanke komai a gidan sai da shi. Aka shimfiɗa musu tabarma don sun ƙi kujera. Fuskar shugabar ta fito a kwamfuta, mace mai gilashi da furfura, tafintan kuma wani Bahaushe ne da ya daɗe a can. Aka gaisa. Dattijon ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, har tafintan ya fara gumi. Sannan matar ta yi tambayarta, tafinta ya juyo da ita: “Wannan da ke zaune kusa da kai 'yarka ce?”

Tun kafin ya rufe baki na san za a sami matsala, domin yarinyar 'yar fari ce. Ko a cikinmu Hausawa ana kunyar ɗan fari, balle Fulani. Uba ba ya kiran sunanta, ba ya wasa da ita, ba ya nuna ya san tana wurin. Wannan ma a hannun kakarta ta tashi.

Mahaifin ya ja rawani ya rufe baki, ya dubi bango. Can ya nuna yayansa da leɓe ya ce, “Ɗiyar wanga ce.”

Tafinta ya fassara. Matar ta gyara gilashi, ta dubi dattijon, ta ce to shi ne uban? Dattijon ya yi murmushi ya ce, “A'a, ɗiyar tsohuwa ce, ita ta goye ta.” Aka tambayi ina tsohuwar, aka ce ta rasu. Yarinyar na zaune kanta a ƙasa, ko gezau, don ita ba ta ji wani sabon abu ba. Na ɗaga hannu zan yi magana, matar ta ce in yi haƙuri, doka ce. Ta yi godiya a taƙaice, allon ya yi duhu. Kafin la'asar saƙo ya iso cewa an dakatar da gurbin, kuma in ba a warware ba kafin su rufe ɗaukar ɗalibai, za a ba wani. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a kan matar na fara sauke shi, a zuciyata dai. Na nemi ta ba ni lokaci mu yi magana mu biyu, ta yarda. Na shirya faɗa, amma ta riga ni. Ta ce kafin ta shigo harkar ilimi lauya ce, shekaru da yawa tana bin shari'ar yaran da aka fitar daga ƙasashensu da sunan karatu, da iyayen haya da takardun bogi. Ta ce ta ga inda irin waɗannan yara suke ƙarewa, kuma ta yi wa kanta alkawarin ba za a bi ta hannunta a yi haka ba.  Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ban ga laifinta ba. Sai na ce to ni ma bari in gaya miki aikina na farko. Na ba ta labarin “shanun mutane ne”, da mai runtse ido, da kunyar ɗan fari. Ta yi dariya har ta cire gilashi. Ta ce ta fahimta, za ta sake kira, amma duk da haka sai ta ji daga bakinsa. Na roƙe ta abu biyu, kada a yi a ofis, kuma kada ta fara da waccan tambayar.

Washegari na sami mahaifin a bayan gidan da suke haya, inda ya ɗaure 'yan shanunsa. Muka gaisa, na tambayi yayansa, na tambayi bisashe, sannan na sauke masa abin da ke cikina.

“Kai yanzu kunyarku za ta cinye wa yarinya karatu? Abin da wasu ke nema da kuka, ya zo har tabarmarka ka ture?”

Ya ce, “Haba mai allura. Gaban yaya? Gabanta? In buɗe baki in ce ɗiyata? Aradu gara a aza mani dutsin niƙa in kai Ruma a ƙasa. Kai ma fa ka san mu.”

“Na san ku, su ne ba su san ku ba. Kana so ta tafi ko ba ka so?”

 Ya miƙa hannu yana sosa wuyan wata farar saniya mai baƙin kunne, ya daɗe yana sosawa. Na dubi saniyar, na dube shi, na ce, “Wannan ta wa ce?”

“Tata ce.”

Na ce shi ke nan, gobe warhaka ka tsaya nan inda kake.

Na sa aka aiki yarinyar kasuwa, dattijon kuma na gaya masa gaskiya, ya yi dariya ya ce dama yana da ta'aziyya a Safana. Muka rage daga ni sai shi sai shanu. Na riƙe waya, matar ta fito da tafintanta. Kamar yadda muka shirya, ta ce ya ba ta labarin farar saniyar nan.

Mutumin da bai iya haɗa kalma biyar a ofis ba, sai ga shi yana zuba. Ya ce kakar wannan saniya ita ya ware ranar sunan yarinyar, tana karsana, kamar yadda babansa ya ware masa. Ya faɗi abin da ta haifa, da wanda ya mutu, da wanda aka sayar aka sai wa yarinyar littattafai. Ya ce ranar da aka shigo musu ruga, ya san ba zai tsira da garken ba, sai ya yanke igiyar wannan ya ja ta cikin dawa, ya bar nasa. Tafintan ya tsaya, ya share ido, sannan ya fassara.

Matar ta tambaya a hankali, wane ne ke ba jariri saniya ranar suna a wurinsu? Ya ce uba. Ta ce to shi ne uban? Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya leƙa bayan zana. Sannan ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar mai faɗin sirri ya ce, “Ni ne. Ta tafi, Allah ya tsare.” Gumi na keto masa kamar ya yi noman rana.

Aka mayar wa yarinyar gurbinta, ta tafi bayan girbi. Bai raka ta tasha ba, ya ce shanu ba su sha ruwa ba. Dattijon ne ya yi rakiya, ya yi addu'a, ya yi kukan ma a madadinsa.

Yanzu takan kira wayata ran Juma'a, in kai musu gida. Uwarta da ƙannenta su yi ta wawar wayar, shi kuwa ba ya karɓa. Sai ya tsaya nesa kaɗan ya ba mu baya, yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. A kiran da ta yi ana tsakiyar sanyinsu, ta gama da kowa, sai ta ce, “Malam, ya saniyata?” Kafin in amsa, ya yi gyaran murya daga inda yake.

“Mai allura, ka ce mata saniyarta ta rame tun da ta tafi. Ba ta cin abinci sosai.”

Na juya na dubi saniyar. Na yi shekaru ina duba shanu, na san ramammiya in na gan ta. Wannan ta yi ɓul-ɓul, gashinta sai sheƙi yake, ga ciki ya fito. Na dubi mai maganar, rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Na mayar da wayar kunnena na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ban rage ba.

 Sai ta ce, “Malam, a ce mata ta riƙa ci. Zan dawo.”