Likitar da Na Kora Daga Garinmu

Ni ne na yi laifi, kuma ina sane na yi shi. Da bakina na kori likitar da ke duba mahaifina, a ƙofar masallacin Juma'ar garinmu, jama'a na kallo.

Baba manomin rani ne a ƙasan dam ɗin Watari, tumatir da albasa. Hannunsa na dama ya fara karkarwa har ya daina iya riƙe buta, tafiyarsa ta koma jan ƙafa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, babu sauƙi. Sai ga wata likita daga Kano, ƙwararriya a kan ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, tana bin ƙauyukan masu noman rani tana duba tsofaffi masu irin wannan karkarwa. Ta ce ciwon ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke sassauta shi. Ta ba Baba. Ba a daɗe ba ya koma yin alwala da kansa, ya koma sahun gaba.

Da izininsa ta ɗebi jininsa, ta sa shi tafiya a tsakar gida tana ɗaukarsa da waya. Ba ta ɓoye komai ba, ta ce tare da likitocin wasu ƙasashe suke aikin, kowa ya kawo abin da ya gani a haɗa. Wannan bai dame ni ba. Tambayarta ce ta dame ni.

"Baba, da me kuke dama maganin feshi?"

"Da hannu mana, 'yata. Da me za a dama?"

"Jarkar fa, in ya ƙare?"

"Ruwan sha muke zubawa mu tafi gona. Ai ta fi ta kasuwa ƙwari."

Ni kuwa maganin feshi nake sayarwa ranar kasuwa. Ni nake kawo wa Baba nasa, ni nake ba shi jarkokin kyauta ina jin na yi abin kirki. Likita ta ce ba su tabbatar maganin ne ke jawo ciwon ba, shi ya sa suke bincike, amma a daina damawa da hannu, a daina shan ruwa a jarkar. Ni abin da na ji shi ne za a ce ɗa ya nakasa ubansa, kuma a daina tsayawa a rumfata.

Sai na tafi majalisa. Ban ambaci feshi ba ko sau ɗaya. Na ce jinin iyayenmu take sayarwa, kuma hoton Baba yana jan ƙafa ta tura wa Turawa suna dariya. Na san inda zan taɓa, domin a garinmu ba a nuna wa baƙo raunin dattijo. Ranar Juma'a na tare motarta, na zazzage mata maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Maganin Baba ya kusa ƙarewa. Ka kawo shi asibiti."

Ban kai shi ba. Ta yaya wanda aka yi wa tafi a majalisa zai bi ta har Kano?

Magani ya ƙare. Wata Juma'a Baba ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Liman ya sallame, yana nan goshi a ƙasa, sai da muka ciccibe shi. Har yau in na tuna raina yana tafasa. Cikin masu zuga ni a majalisa wani ya matso yana cewa, "Malam, ai da ka bar matar nan ta yi aikinta." Shi ne fa ya fi kowa ɗaga murya a kanta. Na so in mare shi, amma wa ya kamata a fara mari?

A gida na kawo wa Baba buta. Muryarsa ta shige, sai da na sunkuya na ji shi.

"Kai ka kore ta. To riƙe min."

Na kai shi Kano. Likita ta gaishe shi har ƙasa, ta duba shi, ta rubuta magani. Da na fara ba ta haƙuri sai ta katse ni.

"Baba zan duba shi ko ka ba da haƙuri ko ba ka bayar ba. Amma akwai tsofaffin da aka rufe min ƙofarsu saboda maganarka, su ma nasu ya ƙare. A ofishin nan ka faɗe ta?"

Juma'ar da ta biyo, bayan an idar, na miƙe a daidai inda na tare motarta, ita ba ta ma wajen. Na ce, "Jama'a, ƙarya na yi wa likita. Ba ta sayar da jinin kowa ba. Rumfata nake karewa. Ku buɗe mata ƙofa, ku zubar da jarkokin da na ba ku. Baba, ka yafe min. Ita ma a gaya mata na faɗa a nan, ta yafe min."