Garin da Kowa Ya Ce Sai Godiya

Idan wata rana malamai suka zauna rubuta tarihin ilimin ƙididdiga bisa adalci, dole su ware babi guda ga murhun kakata, Inna Dije, a Zandam. Na yi makaranta a Gwaram da Birnin Kudu, na karanci lissafi a jami'a a Kano, yau kuma aikina nazarin bayanai: a tattaro amsoshin jama'a, ni in zauna gaban kwamfuta in faɗa wa manya abin da amsoshin ke nufi. Amma darasin farko a tsugune na ɗauke shi, ina ƙona yatsa wajen tono dankali daga toka.

Bayan girbi, in an ci tuwo, Inna takan tura karan dawa cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta tsokani wani, kuma yawanci ni ne.

"Kai maigidan, matsa can. Miji ba cefane, sai tare wa mutane wuta."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai a wata shekara fari ya cinye amfanin gona, hakimi ya ce zai buɗe rumbunsa ga garin da ya fi shan wuya. Ya aiki wani mutum mai ladabi ya dubo garuruwa biyu. Da yake namiji ne, ba ya wuce zaure. A garin farko, inda yunwa ta fi tsanani, ya bi ƙofa-ƙofa yana tambaya, "Malam, yaya muka ji da shekara?" Kowane magidanci ya gyara hula ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya." A wani gidan har aka dama masa kunu da ɗan garin geron da ya rage wa yara. A gari na biyu kuwa, mutane masu sauran hatsi amma ba sauran kunya suka tare shi da kuka tun daga bakin hanya. Ɗan aike ya koma ya faɗi abin da ya ji da abin da ya sha, bai ƙara ba, bai rage ba. Hatsi ya tafi gari na biyu.

"Inna, to laifin wa?"

"Laifin wanda bai tashi ya wanke ƙafa ya kwanta ba."

Sai da na girma na gane cewa mutumin bai yi ƙarya ba, kuma babu wanda ya yi masa ƙarya. Tambaya ce aka yi ta a zaure, zaure kuwa ba wurin tona asirin gida ba ne.

Wata damina ambaliya ta yi ɓarna a yankinmu, ƙungiyar da nake wa aiki ta shirya raba hatsi da iri. Aka tura matasa da wayoyi suka tambayi magidanta. Da amsoshi suka iso gabana, sai na ga Zandam kamar garin da ruwa ya gaishe shi ya wuce. In na miƙa rahoto a haka, an tsallake mutanenmu ke nan. Na je wajen shugabar ofis na ba ta tatsuniyar Inna, na dai sa mata rigar Turanci don ta shiga taro. Bayan doguwar muhawara aka yarda a sake aikin: mata su shiga cikin gida, kada su tambaya ko akwai buƙata, su tambayi abin da aka dafa jiya, su ga rumbu da idonsu. Zandam ta samu rabonta. Na fara jin kaina a sahun manyan masana.

Sai kawuna ya bugo waya: gidan Inna bai samu ba. Na ce a ba ta wayar.

"Inna, me kika ce wa matan nan?"

"Na ce na yi tuwo da miyar kaza. Rumbu kuma yana bayan gida, ba a kai baƙi can."

"Haba Inna! Ke fa kika ba mu labarin ɗan aiken hakimi."

"Wannan ai tatsuniya ce, maigidan. Ni in ce wa 'ya'yan mutane ban ɗora tukunya ba, jikana na birni yana yawo da takalmi sau-ciki? A ce wace irin mata gare ka?"

Rumbun nan ruwa ya tafi da shi tun tsakiyar damina.