Rautar da Yaya Sale Ya Kife da Kwano

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Malam Sale, mutumin da ya fara shigo da intanet gidanmu a Ikara, ya kuma tsare shi kamar rumbun hatsi.

Abin da ya saya da farko modem ne, ɗan akwati mai kebul guda, wanda na'ura ɗaya tal yake ɗauka. Ya jona shi da tsohuwar kwamfutarsa a zaure. Duk mai son duba sakamakon jarrabawa ko tura hoto, sai ya zo ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ba da labarin gona, ya faɗi yadda tumatir ya kwana a kasuwa, sannan a matsa masa kujera. Yaya ya yi ritaya, ciwon ƙafa ya hana shi yawo, zauren nan shi ne duniyarsa. Ba abin da yake tsoro irin ya wuni ba wanda ya leƙo shi.

Sai ga 'yarsa Hauwa ta zo daga Zariya da wata na'ura wai ita rauta. Ta ce, "Baba, in aka haɗa wannan da modem, kowa zai samu a wayarsa yana kwance a ɗakinsa."

Ya ce, "A ɗakinsa? To ni kuma wa zai zo wurina?"

Muka kwashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Aka haɗa, zaure kuwa ya yi tsit, har kaji suka mai da shi wurin shan iska.

Wata rana ruwa ya yi yoyo ta rufin zaure, Yaya ya jawo kwanon samira ya kife rautar don kada ta jiƙe. Nan take sabis ya janye daga ɗakuna, ya tsaya iya zaure. Gida kaf ya fito, kowa da waya ɗage a sama, har surukan da ke jin kunyarsa. Tun daga ranar kwanon bai sake ɗaguwa ba. In na yi magana sai ya ce, "Habu, ba ka ga hadari ba?" Ko da kuwa tsakiyar rani ne.

Yau rautar tana rataye a tsakar gida, sabis har gidan maƙwabta. Jiya matata ta turo mini saƙo daga madafi, wai ko a ƙara mini miya. Da Yaya na nan, na san tukunya zai ce a miƙo masa ya kife rautar.

Ina kewarsa ƙwarai, kuma yanzu da ni ne tsohon zauren na gane abin da yake gudu. Kwamfutar ta mutu, amma dabarar tana nan. Ran Juma'a bayan la'asar nakan zare kebul a ɓoye. Ba a jimawa sai ka ji ƙofofi suna buɗewa: "Baba Habu, sabis ya ɗauke!"

Sai in ce, "Ikon Allah! To ku zauna mu jira. Kafin ya dawo, mu yi wa Yaya addu'a."