Hannun Makaniki

Duk 'yan layin, Tsaya-Haka suke ce masa, domin tun yana saurayi abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: labule mai zanen teku da ya koɗe, kujerar roba, da fanka mai kukan tsiya. Tun da wayoyi suka kashe masa kasuwa, hoton fasfo ke riƙe da shi, su ma masu zuwan sai sun roƙi a ƙara musu hasken fata.

Hoto ɗaya ne a shagon ba na sayarwa ba. Ya ɗauke shi ranar da jama'a suka cika titi suna neman a bar su su zaɓi shugabanninsu. A gaban taron ƙanensa ne, makaniki, baki buɗe, ya ɗaga kwali sama. Kafin rana ta yi tsaka aka harbe shi. Babu jaridar da ta kawo sunansa, abin kuwa ya tsaya wa Tsaya-Haka a rai har ya yi furfura.

Shi ya sa da 'yan talabijin suka zo neman hoton, wai suna shirya jerin shirye-shirye kan tarihin dimokuraɗiyya, bai ja musu rai ba. Shugabarsu, wata mai zaƙin baki, Baba kaza, Baba kaza, ta sa aka kashe masa fanka aka haska masa fitila har gumi ya jiƙa rigarsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a nuna fuskar ƙanensa, a faɗi sunansa. Ta rantse har da dafa ƙirji.

Yammacin da za a nuna shirin, matar marigayin ta zo da 'ya'yanta da jikoki, maƙwabta suka cika ƙofa. Aka sha surutun masana, aka sha tallar sabulu, sannan hoton ya fito.

'Yan talabijin ba sa nuna hoto gaba ɗaya, rarrafe suke sa kyamara ta yi a kansa. Ta fara daga kwalin, ta sauko kan hannun da ke riƙe da shi. Maimakon ta gangara zuwa fuska, sai ta karkata gefe, ta wuce taron, ta tsaya a can kusurwa kan wani ɗalibi da ya tsuguna bayan mota, takalmi a hannu, yana shirin arcewa. Shekara da shekaru Tsaya-Haka na haushin wannan matsoracin da ya ɓata masa hoto.

Muryar mai gabatarwa ta ce wannan ɗalibin shi ne gwarzon da ya jagoranci matasa a ranar, yau kuma shugaban kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin. Sai ga shi a kujera mai laushi, tumbi har cinya, yana goge idon da babu ko ɗigon hawaye.

Ƙyama ta kama Tsaya-Haka. Shi da hannunsa ya miƙa wa 'yan talabijin hoton, har da godiya. Ya kasa ɗaga ido ya dubi kowa.

Matar marigayin ta matso da kujerarta, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, kada ka sa wa ranka damuwa. Ai sun nuna hannunsa. Na gane shi da tabon nan na babban yatsa."